Huffi da Safa: Tarihin Suturar Ƙafa a Ƙasar Kano

Safar farko da Bahaushe ya sani ta fata ce, ba ta zare ba. Sunanta huffi, kuma aikin dukawa ce: fatar akuya mai laushi da ake ɗinkewa ta rufe ƙafa har saman idon sawu, a sa ta cikin takalmi ko a taka shimfiɗa da ita. A yammacin Kano, ƙasar Karaye da Rogo da garuruwa irin su Jajaye, inda sanyin hunturu ke sa kaushi da faso, abubuwa uku ne suka ba ta daraja, wato sanyi, alwala da hawan doki.

Sana'ar da ta haife ta daɗaɗɗiya ce. Leo Africanus, wanda aka buga littafinsa a 1550, ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir da ake kai kayansu Tumbutu da Gao. Da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar takalman birnin suna cikin manyan kayan da fatake ke fita da su har Arewacin Afirka. Asirin ingancin yana hannun majema. Sukan jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya saki, su kankare ta, su tsoma ta a ruwan bagaruwa har ta jemu, sannan su rina ta ja da karan dafi. Wannan jar fatar akuya, musamman ta ƙasar Sakkwato, ita ce Turawa suka riƙa saye a hannun 'yan kasuwar Maroko, har suka laƙaba mata sunan ƙasar da ba ita ta jeme ta ba.

Babban abin da ya raya huffi shi ne fiƙihu. Mazhabar Malikiyya, wadda malaman zaure ke karantarwa daga Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Mukhtasar na Khalil, ta halatta shafa a kan huffi maimakon wanke ƙafa, bisa sharuɗɗa: ya kasance na fata mai tsarki, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, a iya tafiya da shi, kuma a sa shi bayan cikakkiyar alwala. Safar zare ba ta samu wannan rangwame a mashahurin zancen mazhabar ba, sai an lulluɓe bayanta da fata. Malikiyya ba ta ƙayyade kwanaki ba, ta dai so a cire shi duk Juma'a saboda wanka. Ga dattijon da zai yi alwalar asuba a tsakiyar hunturu, wannan sauƙi ne babba, shi ya sa huffi ya zama kayan malamai da tsofaffi. Kenan baduku ba ra'ayinsa yake bi wajen yanka tsawon huffi ba, littafi ne ya yanka masa.

Mahaya kuwa buƙatarsu daban ce. Likkafa ƙarfe ce, igiyarta na gugar ƙwauri, ga ƙaya a daji, don haka dukawa suka ɗinka musu dogon takalmin hawa mai laushi da ke haurawa zuwa gwiwa, aka ƙawata na sarakuna da zane da launi. Har yau ana ganin sa a hawan sallah, al'adar da hukumar UNESCO ta sa ta Kano cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2024. Karaye, da aka ɗaga zuwa masarauta a 2019, tana da nata hawan.

Safar zare ta bazu ne a zamanin Turawa, bayan cin Kano a 1903, ta hanyar sojoji, ma'aikata da 'yan makarantar boko masu takalmi sau-ciki. Ƙwallon ƙafa ya ƙara mata kasuwa. Yau dillalai na sarin ta a Kantin Kwari, galibi ƙirar ƙasar Sin, su kai kasuwannin ƙauye, inda mai acaɓa, mai noman rani a gefen madatsar ruwan Challawa da mace mai son rufe ƙafa ƙarƙashin hijabi duk ke saye. Arharta ce ta ture huffi gefe, ba wai ta fi shi ƙarko ba, kuma wannan asara ce ga dukawan karkara.

Wani sabon salo ya shigo cikin dilolin gwanjo: doguwar farar safa mai ratsi biyu ko uku a sama. 'Yan wasanni na Amurka ne suka fara sa ta, sannan matasan Kaliforniya masu zamiya a kan allo mai tayoyi suka mai da ita alamarsu a shekarun 1970. Dalilinsu bai yi nisa da na mahayin doki ba. Allon yakan kuɓuce ya bugi ƙwauri, samansa kuma kaushi gare shi, don haka suka so safa mai tsawo, mai kauri a dunduniya da yatsu, wadda ba ta zamewa ƙasa. Daga baya kamfanoni irin su Stance, da aka kafa a 2009, suka cika ta da zane-zane. Wasan zamiyar ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021, yana da 'yan wasa a Legas, amma titunan ƙasa na karkarar Kano ba su dace da ƙananan tayoyinsa ba. Samarin yankin suna sa safar ne don ado da buga ƙwallo.

Huffi bai ɓace ba. Ana samun sa wurin masu kayan fata a Kasuwar Kurmi da Ƙofar Wambai, alhazai ma na shigo da na ƙasashen waje mai zif. Cinikinsa yakan tashi da shigowar sanyi, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu.