Ramin Pearson: Yadda Landan Ta Fara Tafiya a Ƙarƙashin Ƙasa

A farkon shekarun 1850, shiga tsakiyar birnin Landan da safe jan aiki ne. Mutum wajen 200,000 ke kwarara cikinsa da ƙafa kowace rana, ga kekunan doki, ga shanu da tumaki ana kora su kasuwar Smithfield. Jiragen ƙasa suna zuwa daga sassan Ingila, amma hukuma ta hana su kutsawa tsakiyar gari, sai suka ja birki a baki-baki: Paddington, Euston da King's Cross. Matafiyi ya sauka daga jirgi mai gudu, ya faɗa cikin cunkoson da ba ya motsi.

Wanda ya ɗauki wannan matsala a ka shi ne Charles Pearson, lauyan hukumar birnin. Ba cunkoson titi kaɗai ya dame shi ba. Ya san unguwannin talakawa da ke kusa da Farringdon, inda iyali guda ke cushe a ɗaki ɗaya, ba iska, ba ruwa mai tsabta, don kawai maigida ya kwana kusa da wurin aikinsa. Tunaninsa shi ne a ba lebura jirgi mai arha, ya koma da iyalinsa bayan gari, ya riƙa zuwa aiki da safe. Tun da saman ƙasa ya cika, to a bi ta ƙasa. An yi masa dariya sosai. Majalisa ta amince a 1854, amma kuɗi suka ƙi samuwa, har sai da Pearson ya shawo kan hukumar birnin ta zuba fam 200,000. A 1860 aka kafa diga, ƙarƙashin injiniya John Fowler.

A mafi yawan layin, ba rami suka fafe ba kamar yadda ake yi yau. Titin suka yaye gaba ɗaya. Leburori da diga da shebur su haƙa kwari mai zurfi, magina su tada bangon bulo hagu da dama, a ɗaura baka a sama, a mayar da ƙasa, a sake shimfiɗa titi. Sun bi ƙarƙashin babbar hanyar da yau ake kira Marylebone Road da Euston Road don gudun biyan diyyar gidaje masu tsada. Amma a gefen Farringdon an rushe gidajen talakawa da yawa, kuma wannan tabo ne da bai kamata a ɓoye ba: waɗanda aka fara aikin dominsu su ne suka fara rasa matsuguni. A watan Yunin 1862 kuma babbar kwatar Fleet ta fashe cikin ramin, ruwan ƙazanta ya malale aikin. Wata uku bayan haka Pearson ya rasu, bai ga jirgin ya tashi ba.

Ranar 10 ga Janairun 1863 aka buɗe layin Metropolitan, kilomita shida daga Paddington zuwa Farringdon. Fasinja kusan 38,000 suka hau a ranar farko, cikin taragu na katako masu fitilar gas. Kafin shekara ta zagayo an ɗauki sama da miliyan 9.

Babbar damuwa ita ce hayaƙi. Kan jirgin mai cin kwal ne, cikin rami rufaffe. Fowler ya gwada wani inji da ake ɗora wa bulo mai zafi a maimakon wuta mai ci, bai yi aiki ba. Sai aka koma ga dabarar mayar da tururi ta bututu cikin tankin ruwan sanyi da ke jikin injin. Tururi ya ragu, amma ruwan yakan yi zafi, dole a zubar a sake cikawa a ƙarshen layi, ƙaurin kwal kuma yana nan daram, yana shaƙe maƙogwaro yana baƙanta riga. Dole aka riƙa barin wurare a buɗe don jirgi ya yi numfashi. A titin Leinster Gardens, da layin ya ratsa ta unguwar masu hali a 1868, an rushe gidaje masu lamba 23 da 24, aka gina fuskarsu kawai don kada jerin gidajen ya yi giɓi. Har yau bangon yana tsaye, tagoginsa fenti ne, ƙofofinsa ba sa buɗuwa, bayansa kuwa rami ne jiragen suna wucewa.

Duk da haka burin Pearson bai faɗi ƙasa banza ba. A 1864 kamfanin Metropolitan ya fara jiragen asuba na ma'aikata, zuwa da dawowa peni uku. Wannan, a ganina, ya fi bikin buɗewa muhimmanci.

Daga nan layin ya miƙa ƙafa zuwa karkara: Harrow a 1880, Aylesbury a 1892. Lantarki ya shigo a 1905. Kamfanin ya riƙa gina gidaje a filayensa na gefen tashoshi yana tallar su da sunan Metro-land, sai dai masu matsakaicin hali ne suka fi mallakarsu. A 1933 aka haɗe shi da sauran layukan birnin ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Yau jirgin Metropolitan yana tashi daga Aldgate zuwa Amersham, Chesham, Uxbridge da Watford, kuma mafi yawan tafiyarsa a sarari take. Dogo huɗu ne a shimfiɗe: biyu na ƙafafun jirgi, ɗaya mai kawo wuta, ɗaya mai mayar da ita. Tun 2010 aka kawo jirage masu tarago takwas da na'urar sanyaya iska, waɗanda mutum zai iya takawa daga farko har ƙarshe. Tsohon ramin 1863 kuwa yana aiki, jiragen layukan Circle da Hammersmith & City na bi ta cikinsa daga Paddington, na Metropolitan su haɗu da su bayan Baker Street.