Sabunta tsofaffin unguwanni a Wurno, Rabah da Goronyo

Sabunta tsofaffin unguwanni tsari ne na gyara ko rushe gidajen da suka lalace, tare da buɗe hanyoyi da magudanan ruwa. Dokar Tsara Birane ta Najeriya ta 1992 ta ba hukumomi ikon ware irin waɗannan unguwanni domin gyara.

A Wurno, Rabah da Goronyo da ke gabashin Jihar Sakkwato, yawancin tsofaffin gidaje na laka ne, kuma ambaliyar 2010 ta rusa da dama a kwarin Rima. Inda ruwa ke ci, akan mayar da mutane kan tudu. Amma a tsakiyar Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda aka binne shi a 1837, rusau na iya shafe tarihin garin.