Daga gidan mahaukata zuwa sha-ka-tafi: tarihin ƙoƙarin kawo maganin ƙwaƙwalwa asibitin unguwa

Idan ka taɓa zama a kan benci a asibitin sha-ka-tafi, a Gwale ne ko Mandawari ko Ɗorayi, to ka san irin koken da ma'aikacin lafiya yake sha tun da safe. Ciwon kai da ya ƙi tafiya. Faɗuwar gaba. Barci ya ƙaurace wa ido. Mutuwar jiki, ko "wani abu yana yi mini yawo a ka." Sai a ɗebi jini, a auna maleriya da taifot, a rubuta magani, mutum ya tafi. Bayan sati uku ka gan shi ya dawo da katinsa a hannu, koken nan bai sake ba. Wasu daga cikin masu dawowar maleriyar ce da gaske. Wasu kuwa damuwa ce take cin su, irin wadda ta kai matsayin cuta, amma ba wanda ya tambaye su, su ma ba su ɗauka abin faɗa ne a asibiti ba.

Yaya ma'aikacin da yake da minti biyar kacal a kan kowane mara lafiya zai gane wannan mutumin? In ya gane shi, me zai yi masa? Kusan shekara 70 ke nan masu bincike suna fama da waɗannan tambayoyi biyu, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da aka fara aikin.

A zamanin Turawa babu wannan tambayar ma. Abin da hukuma ta sani shi ne tsarewa. An buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, aka buɗe na Yaba a Legas a 1907, aka kuma yi dokar masu taɓin hankali a 1916, wadda aka sabunta a 1958. A garuruwa da dama, wanda ya tada hankalin jama'a kurkuku ake kai shi. Wanda kuwa ciwonsa na shiru ne, mai yawan tunani da rashin barci, hukuma ba ta san da zamansa ba.

Wanda ya fara sauya akalar abin ɗan ƙasa ne, Dakta Thomas Adeoye Lambo. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti su riƙa saukar marasa lafiya a gidajensu. Kowane mara lafiya da ɗan'uwansa mai jinya, uwa ko gwaggo ko yaya. Da rana a je asibiti a karɓi magani, da yamma a koma cikin mutane. Har masu maganin gargajiya ya ja a jiki. Daga baya Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma tunanin Aro, cewa ba dole sai an raba mutum da danginsa kafin a yi masa magani ba, ya bi shi can.

A tsakiyar shekarun 1970 hukumar ta sa aka shiga ƙananan asibitoci a Kolombiya da Indiya da Sudan da Filifin don a ga abin da ke faruwa a kan benci irin wancan. Sakamakon da aka buga a 1980 ya nuna cewa cikin mutum 1,624 da suka zo ganin ma'aikacin lafiya, kusan kashi 14 cikin 100 suna da larurar ƙwaƙwalwa, yawancinsu kuma da koken ciwon jiki suka zo. Ma'aikatan sun gano kusan ɗaya ne cikin uku. Daga wannan aiki aka samu ma'aunin SRQ-20, tambayoyi 20 da amsarsu i ko a'a ce, waɗanda ko ba likita ba zai iya karanta wa mutum.

Ana cikin haka aka yi taron Alma-Ata a 1978, wanda ya ɗora kiwon lafiya a matakin farko a matsayin ginshiƙi. Abubuwa takwas sanarwar ta lissafa, kuma lafiyar ƙwaƙwalwa ba ta fito da sunanta a cikinsu ba. Najeriya ce ta ƙara ta da kanta a matsayin ta tara, a manufar da aka fitar a 1991 zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya. Wato a takarda, fiye da shekara 30 ke nan da ya kamata a ce asibitin unguwarku yana duba damuwa kamar yadda yake duba hawan jini. A aikace kuwa, ba horo, ba magani a shago, ba mai zuwa duba aiki. Wani babban bincike da Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya jagoranta, aka buga a 2006, ya gano cewa ko cikin masu larura mai tsanani, wanda ya samu wani magani a shekarar bai kai ɗaya cikin goma ba.

To mu a Kano ina mutane suke zuwa? Wanda abin ya yi wa tsanani a kai shi Dawanau ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, galibi bayan an gaji da ruƙiya da hayaƙi da rubutu. Amma kada ka ɗauka mutanenmu ba sa son asibiti. A 2004 wasu masu bincike na Kano sun tambayi manya 250 a ƙauyen Karfi. Da aka ce me ke kawo taɓin hankali, shaye-shaye aka fi ambata, sannan ikon Allah, sannan sihiri da iskoki. Da aka ce ina ya kamata a kai mara lafiya, kashi 46 cikin 100 suka ce asibiti, kashi 34 suka zaɓi addu'a da makamantanta. Asibitin ne ya yi nisa, ya yi tsada, sunansa kuma ya yi nauyi. Wace uwa ce za ta so a ji an kai 'yarta budurwa Dawanau?

Abin da giɓin nan yake haifarwa duniya ta gan shi a 2018, lokacin da BBC ta nuna fim ɗinta a kan kodin, aka ga matasa ɗaure da sarƙa a cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi, a nan cikin ƙaramar hukumar Gwale. Nan take gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A 2019 kuma aka yi ta fasa gidajen mari a Kaduna da Daura da Zariya. Da yawa daga iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba mugunta ce ta sa su ba. Babu wata ƙofa ce a kusa da za su ƙwanƙwasa tun abin yana ƙarami.

Yanzu mu dawo kan ma'auni, domin a nan ne aikin yake da wuya fiye da yadda ake zato. Wanda aka fi amfani da shi a yau shi ne PHQ-9, da aka fitar a Amurka a 2001. Tambayoyi tara ne a kan sati biyun da suka wuce, kowace da maki daga 0 zuwa 3, jimla 27, kuma yawanci daga maki 10 ake cewa a duba mutum da kyau. Kafin a yarda da irin wannan ma'auni a wani wuri, sai an gwada shi: a yi wa mutane tambayoyin, sannan likitan ƙwaƙwalwa da bai ga makinsu ba ya zauna da su, a kwatanta. Marasa lafiya nawa ma'aunin ya kama, nawa suka kuɓuce masa, masu lafiya nawa ya yi wa ƙage. An yi irin wannan gwaji a Najeriya a 2006, a kan ɗaliban jami'a a Ile-Ife. Sai dai ɗalibin da ya cike takarda da kansa daban, matar da ake karanta wa tambaya a ɗakin awo, surukarta na zaune a gefe, daban.

Ka tambayi Bahaushiya "kina jin baƙin ciki?" ta ce maka "Alhamdulillahi." Ba ƙarya ta yi ba, tarbiyya ce da kunya. Ka ce mata "tunani yana hana ki barci?" sai ka ji labari. Tambaya ta tara kuwa, wadda ta shafi tunanin cutar da kai, ta fi kowace nauyi a nan, domin ban da hukuncin addini, sashe na 231 na dokar Penal Code ta Arewa ya mayar da yunƙurin kashe kai laifi. Mutum zai yi tunani sau biyu kafin ya amsa wa ma'aikacin gwamnati. Shi ya sa fassara kaɗai ba ta isa. A Zimbabuwe, maimakon su fassara, sai suka tattara kalmomin da marasa lafiya suke faɗa da bakinsu, suka gina ma'auni mai tambaya 14 da harshen Shona a 1997. A ciki akwai "kufungisisa", wato yawan tunani, kalmar da kowane Bakano zai gane.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen. Mai jegon da ta zo da faɗuwar gaba da haki da kasala tana iya zama mai ciwon damuwa na bayan haihuwa, tana kuma iya zama zuciyarta ce take gazawa, cutar da likitocin Zariya suka rubuta yawanta a ƙasar Hausa tun shekarun 1970. Takardar tambayoyi ba ta ɗauke wa kowa duba ƙafa da auna jini da sauraron ƙirji ba.

Gano cuta ba tare da abin yi ba kuwa ƙara wa mutum damuwa ne. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, ta fitar da littafin jagora a 2010 wanda ke nuna wa ma'aikacin da ba ƙwararre ba, mataki-mataki, yadda zai bi da damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali da shaye-shaye, da lokacin da zai tura mutum gaba. An daidaita shi da yanayin Najeriya, aka gwada a Jihar Osun. Sannan a Ibadan aka yi babban gwaji a ƙananan asibitoci 35 da marasa lafiya 1,178, aka buga a 2019. Rabin asibitocin an ba su tsari mai hawa-hawa da zaman koyar da warware matsala, rabin kuma horon littafin jagorar kawai. Bayan shekara guda, kusan uku cikin huɗu sun warware a kowane ɓangare. Masu binciken sun so tsarinsu ya yi fice, bai yi ba. A ganina wannan ya fi daɗin ji ga wuri irin Gwale, domin yana nuna jami'in lafiyar al'umma da aka horar, ake kuma bibiyar aikinsa, ya isa ya yi abu mai yawa.

Gwajin da ya fi kusa da rayuwarmu shi ne wanda aka buga a 2020, daga Ibadan da Kumasi ta Gana. Ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa zuwa wuraren masu maganin gargajiya da masu addu'a, suna duba masu taɓin hankali da ke kwance a can, suna ba da magani, mai wurin yana ci gaba da nasa. Bayan wata shida waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi. Ka kwatanta da unguwanninmu, inda malamin ruƙiya ne yake fara ganin mara lafiya, kuma shi iyali suke jin maganarsa.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusun kuɗi. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar, a ƙiyasin da ƙungiyarsu take bayarwa, ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma ƙananan asibitoci a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke. Don haka in kana son sanin ko dokar ta iso Gwale, ba Abuja za ka duba ba. Ka leƙa asibitin unguwarku ka tambaya ko an taɓa horar da wani a kan littafin jagorar, ko akwai maganin damuwa da na farfaɗiya a shagonsu, ko kuma akwai ɗakin da mace za ta amsa tambaya ba tare da layin da ke bayan labule ya ji ta ba.