Kafarnahum Ta Gani, Kaisariya Ta Ji



Duk shekara iyayenmu da fastocinmu sukan tafi ziyarar ibada Isra'ila, su dawo mana da hotuna. Cikin wuraren da ake kai su a arewacin ƙasar akwai tsofaffin garuruwa biyu: Kafarnahum a bakin Tekun Galili, da Kaisariya a gaɓar Bahar Rum. Tarihinsu yana da magana a kanmu.

Tekun Galili tafki ne na ruwan daɗi, tsawonsa wajen kilomita 21. A 1986, da ruwan ya janye saboda fari, aka gano wani jirgin katako na zamanin Yesu cikin taɓo, tsawonsa kamar mita 8. A bakin wannan ruwa ta arewa Kafarnahum take, ƙaramin garin masunta mai gidajen baƙin dutse. Nan Yesu ya zauna bayan ya bar Nazarat. Ya yi koyarwa a majami'arsu, ya warkar da surukar Bitrus, ya ta da shanyayyen da aka zuro ta rufin gida, ya kuma kira Matiyu daga wurin karɓar haraji. Yau mai ziyara zai ga kangon wata majami'a ta farin dutse da aka gina ɗaruruwan shekaru bayan haka, da cocin da aka keɓe a 1990 bisa gidan da ake ɗauka na Bitrus ne.

Duk da abin da garin ya gani, a Matiyu sura 11 Yesu ya tsauta masa, tare da Korazin da Betsaida, domin ba su tuba ba.

Kaisariya kuwa birnin masu mulki ne. Hirudus Mai Girma ya gina ta kafin haihuwar Yesu, ya raɗa mata sunan Kaisar Augustus, ya yi mata tashar jiragen ruwa da dandalin wasanni da haikalin bautar Kaisar. Nan gwamnonin Roma suke zama, kuma a 1961 aka tono wani dutse a wurin mai ɗauke da sunan Bilatus. Kada mu haɗa ta da Kaisariya Filibi. Wannan ta bakin teku, Linjila ba ta ambaci Yesu ya je ta ba.

Amma a nan ne wani hafsan sojan Roma, Karniliyus, ya tara danginsa da abokansa, ya aika Yafa a kira Bitrus. Suka ji bishara, Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu, aka yi musu baftisma. Labarin yana Ayyukan Manzanni sura 10. Ƙofar da aka buɗe wa al'ummai a ranar, ta ita muka shigo. Daga baya Bulus ya yi shekara biyu a tsare a birnin, kuma a ƙarni na 4 bishop nasa, Yusebiyus, ya rubuta tarihin ikkilisiya.

Yau wuraren biyu kufai ne. An watse daga Kafarnahum tun da daɗewa, sojojin Mamluk kuma suka rushe Kaisariya a 1265. Ginin ba shi ne ya dawwama ba.

To, mu fa? Yawancinmu a coci muka tashi. Mun haddace ayoyi a makarantar Lahadi, mun shiga ƙungiyar mawaƙa, mun ji shaidu ba adadi. Haɗarin Kafarnahum shi ne namu: sabo da abin Allah har ya daina taɓa zuciya. Muna iya zama a bencin gaba shekara ashirin ba tare da tuba ba.

Amma Bitrus ma a Kafarnahum yake zaune. Abin da maƙwabtansa suka gani shi ya gani, sai dai shi ya bar tarunsa ya bi, har Allah ya yi amfani da shi a gidan Karniliyus. A wannan mako, kowannenmu ya karanta surorin nan biyu, ya tambayi kansa zunubin da ya daɗe yana ji a wa'azi bai rabu da shi ba.

Ya Ubangiji, kada ka bar mu mu saba da kai ba tare da mun bi ka ba. Amin.