Mudu da na'ura a ƙauyen Fotugal

Mafi ƙanƙantar gundumar mulki a Fotugal ana ce mata freguesia, mazauninta kuma freguês. Tushen kalmar Latin ne, filius ecclesiae, wato ɗan coci: mutanen da ake yi wa baftisma, ake ɗaura wa aure, ake kuma yi wa jana'iza a coci ɗaya, su ne 'yan gunduma ɗaya. Jamhuriyar da ta raba gwamnati da coci a 1911 ta zo a 1916 ta soke sunan paróquia, wato yankin coci, daga gundumomin hukuma, ta maye gurbinsa da freguesia. An gudu ba a tsira ba ke nan, don sabon sunan ma na cocin ne. Yau kuma mai kanti yana kiran wanda ya saba saye a wurinsa freguês.

Da an bar harabar cocin an shiga gona, sai Bahaushe ya fara jin muryar da ya sani. Musulmi sun riƙe kudancin ƙasar tun bayan 711 har 1249, suka tafi suka bar kalmominsu a bakin manoma. Ƙauyen kansa aldeia ne, daga Larabci al-dai'a. A rijiyoyin Algarve da ke kudancin akwai nora, wata ƙafar ƙarfe ko ta katako da aka jera wa tuluna. A da akan rufe wa jaki ko alfadari ido ya yi ta zagaye, tulunan na nitsewa suna fitowa da ruwa suna juyewa a kwararo. Ita ce na'urar Larabawa. Mu mun ɗauki kalmar mun ba kowane inji, har kwamfuta ta zama na'ura mai ƙwaƙwalwa. Mutanen Fotugal kuwa sun bar ta a bakin rijiya.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce almude, ɗan'uwan mudunmu, dukansu daga al-mudd. Kamar yadda mudun wata kasuwa ba ya kai na wata, haka almude na Lisbon bai wuce lita 17 ba, na Porto kuwa ya kai 25. Gwamnati ta kawo awon lita da kilo tun 1852, amma tsofaffin ƙauye ba su saki nasu ba. Sai dai abin da suke aunawa ya bambanta da namu nesa ba kusa ba. Mu da mudu muke fitar da zakkar kono. Su da shi suke lissafin giyar inabin da gonarsu ta ba su a shekara.