Tarihin Fayil Ɗin Kulle: Yadda Layi 11 Suka Tsayar Da Aikin Manyan Kamfanoni

Yau ba darasin "shiga nan ka danna can" za mu yi ba, tarihi za mu taɓa. Rubutun yana da ɗan tsawo, amma duk wanda yake ajiye kuɗi ko sirri a cikin waya, ya daure ya karanta har ƙarshe.

Bari in fara daga shago. Lokacin da nake koyon gyara, an taɓa kawo mana waya sikirin ɗinta ya fashe. Maigidana ya aike ni kasuwa, na faɗa wa mai kaya sunan wayar, ya miƙo min, na dawo. Muka ɗaura, haske ya kawo tas, amma ko ka shekara kana taɓawa ba ya motsi. Ashe sunan wayar ɗaya ne, amma sikirin iri biyu aka fitar da ita da shi. Asarar a kanmu ta ƙare. Tun ranar maigida ya kafa min doka: lambar da ke bayan tsohon sikirin zan rubuta a littafi in tafi da ita, ba sunan waya ba.

To masu haɗa manhaja ma suna da irin wannan littafin, su ma kuma sai da suka sha wuya kafin su riƙe shi da hannu biyu. Shi ake kira fayil ɗin kulle.

MANHAJA MA HAƊE-HAƊE CE

Kamar yadda batir, kyamara da sikirin na wayarka daga masana'antu daban-daban suka fito, haka manhaja take. Wanda ya haɗa ta ba shi ya rubuta komai ba. Yana ɗauko ƙananan ƙunshi da wasu suka rubuta suka ajiye kyauta a intanet: wannan na lissafin kwanan wata, wancan na nuna hoto. Kowane ƙunshi kuma ya dogara da wasu, su ma sun dogara da wasu. Ka ɗauko goma, ka waiga ka ga ɗaruruwa sun biyo ka gida.

Kowane ƙunshi yana da lambar siga mai gida uku, kamar 1.2.3. Masu amfani da rumbun npm, wato babbar kasuwar ƙunshin yaren JavaScript, sukan sa wata 'yar alama a gaba, ^1.2.3, ma'anarta "ba ni wannan ko duk sabon da ya fito, muddin lambar farko ba ta canza ba". Kenan in ka haɗa manhajarka ranar Litinin, abokin aikinka ya haɗa ranar Alhamis, zai iya samun kaya daban da naka alhali ba wanda ya taɓa komai. Wannan shi ne sayen sikirin da sunan waya.

Masu yaren Ruby ne suka fara shahara da maganin. A 2010 Yehuda Katz da Carl Lerche suka fitar da Bundler 1.0, wanda yake rubuta fayil mai suna Gemfile.lock. A ciki ana jera ainihin lambar kowane ƙunshi da aka yi amfani da shi, har da na jikoki da tattaɓa kunne. Duk wanda ya karɓi aikin, abin da ke rubuce shi zai sauke, ba ƙari ba ragi. Su ma npm suna da wani abu makamancin haka mai suna shrinkwrap, sai dai ba dole ba ne, mutane da yawa ba su damu da shi ba.

RANAR 22 GA MARIS, 2016

Akwai wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, yana da ƙunshi a npm mai suna kik. Sai kamfanin manhajar hira ta Kik, na ƙasar Kanada, ya ce sunan nasa ne yana so. Aka yi ta ja, daga ƙarshe npm suka ba kamfanin. Ran Azer ya ɓaci, ya kwashe ƙunshinsa sama da 250 daga rumbun gaba ɗaya.

A cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal. Aikinsa kawai cike gurbi a hagun rubutu, misali ya mayar da 7 ta zama 007. Ashe manyan kayan aiki irin su Babel, wanda masu aiki da React na Facebook suke dogara da shi, a kan wannan ɗan abin suke tsaye ba tare da yawancin mutane sun sani ba. Nan take haɗa manhaja ya tsaya cak a wurare da dama a duniya. Cikin 'yan mintuna wani ya sake ɗora shi da lamba 1.0.0, amma bai wadatar ba, domin wani ƙunshi a tsakiyar sarƙar lamba 0.0.3 yake nema ita kaɗai. Sai da npm suka yi abin da ba su taɓa yi ba, suka dawo da abin da mai shi ya goge. Rikicin ya ɗauki kusan awa biyu da rabi.

A nan sai mu faɗi gaskiya: fayil ɗin kulle shi kaɗai ba zai ceci kowa ba a ranar. In lambar kaya tana littafinka amma dila ya rufe shago, ai ba ka da kaya. Shi ya sa npm suka canza doka, ya zama ba ka isa ka goge tsohon ƙunshin da wasu suka dogara da shi haka kawai ba. Amma abin ya farkar da mutane, kowa ya fara tambayar kansa: wai ni me da me ke cikin manhajata?

A Oktoba 2016 Facebook, tare da Google da wasu, suka fitar da Yarn, wanda yake rubuta yarn.lock da kansa ko ba ka ce ba. A Mayu 2017 npm 5 ta biyo baya da package-lock.json. Ban da lambar siga, ana rubuta wata doguwar lamba da ake lissafowa daga cikin kayan kansa, kamar hoton yatsa. Ko harafi ɗaya aka canza a ƙunshin, lambar ba za ta dace ba, kwamfuta ta ƙi karɓa.

INDA KULLE YA YI RANA, DA INDA YA GAZA

A Janairu 2022 Marak Squires, mai ƙunshin colors, ya lalata kayansa da gangan. Dama ya daɗe yana ƙorafin manyan kamfanoni suna cin moriyar aikinsa ba sa biya. Sabuwar sigar da ya saki sai ta yi ta zubo shirme a kan allo ba tsayawa. Waɗanda suka bar ƙofa a buɗe suka kwashi sabuwar, aikinsu ya tsaya. Waɗanda fayil ɗinsu ya kulle a kan 1.4.0 kuwa, a labarai suka ji.

Na 2018 ya fi muni, domin shi ya taɓa kuɗi. Dominic Tarr yana da ƙunshi mai suna event-stream da ake saukewa kusan sau miliyan biyu a mako. Ya daina amfani da shi, sai wani baƙo ya ce zai taya shi kula, ya miƙa masa. Baƙon ya cusa wani ƙunshi a ciki, flatmap-stream, mai ɗauke da ɓoyayyen umarni na satar makullan asusun Bitcoin daga manhajar Copay. Abin ya shige cikin sigoginta daga 5.0.2 zuwa 5.1.0, har wayoyin mutane, kafin a gano a watan Nuwamba.

Darasin a nan: kulle ba ya tantance mai kyau da marar kyau. In ka sabunta fayil ɗin ido rufe, ɓarawo ka kulle a cikin ɗaki tare da kayanka. Shi ya sa masu aikin kirki suke ajiye fayil ɗin tare da rubutun manhajar, duk canjin da ya shiga sai wani ya duba layi-layi, sannan wajen haɗa sigar da za a saki su yi amfani da umarni irin npm ci, wanda yake ƙin aiki in lissafin bai dace ba. Ba a kuma barin kulle ya tsufa, domin tsohon ƙunshi yakan zama da ramin da aka riga aka toshe a sabo.

TA YAYA ZA A SAN ABIN DA KE WAYA SHI NE ABIN DA AKA RUBUTA?

Ko an kulle kayan haɗi, akwai sauran tambaya: ita tukunyar da aka dafa fa? Tun 1984 Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya nuna cewa za a iya ɓoye sharri a cikin manhajar da ke haɗa sauran manhajoji, rubutunka yana da tsafta amma abin da ya fito gurɓatacce. A 2015 aka ga hakan a zahiri. Wasu masu haɗa manhajar iPhone a China suka sauke Xcode na jabu daga wani wuri ba na Apple ba, saboda na ainihin yana jinkirin sauka. Duk abin da suka haɗa da shi ya fito da cuta, har WeChat. Shi ne aka sa wa suna XcodeGhost.

Maganin shi ne haɗi mai maimaituwa: mutum biyu da ba su san juna ba su ɗauki rubutu ɗaya, kayan haɗi ɗaya, kayan aiki ɗaya, fayil ɗin da kowa ya samu ya zama iri ɗaya sak. In na kamfani ya bambanta da na sauran, to akwai magana. Masu Bitcoin suna cikin waɗanda suka yi gaba a wannan, da wata hanya mai suna Gitian, Tor Browser ta bi a 2013, Debian ma a shekarar ta fara nata aikin. Wahalar tana cikin ƙananan abubuwa, kamar agogon lokacin da aka haɗa ko sunan folda, da suke shiga cikin fayil su sa ya bambanta. Signal ta kawo wannan a manhajarta ta Android a 2016, Telegram a ƙarshen 2019, F-Droid ma yana yi wa manhajoji da yawa. Duk wannan ba ya yiwuwa in ba a san ainihin kayan da aka zuba ba, fayil ɗin kulle shi ne tubalin farko.

ME YA SHAFE KA?

Kusan kullum sai wani ya shigo shago yana cewa, "Malam tura min WhatsApp ɗin nan mai ɓoye an karanta," ko wata manhajar kuɗi da aka fasa aka mayar kyauta. Ka duba fa: kamfanoni masu injiniyoyi ɗaruruwa, da kulle da bincike, an shammace su. Ina ga fayil ɗin APK da ya bi ta hannun mutum goma a Xender, ba ka san wanda ya buɗe shi ya sake ɗinkewa ba, kuma a wayar da lambobin bankinka suke shigowa?

Shawarata: manhajar banki da ta hira, daga Play Store, App Store ko shafin kamfanin kaɗai za ka sauke. Ka duba sunan wanda ya ɗora ta kafin ka danna. In sabuntawa ta zo daga can, kar ka yi wata uku kana ɗagawa. Ƙannenmu masu koyon haɗa manhaja kuma, in kun ga package-lock.json ya fito a aikinku da layi dubbai, don Allah kar ku goge shi don ya cika muku ido, ku ajiye shi tare da aikin.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, in na tashi daga shago zan bi in amsa in sha Allahu. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu.