Kallon Tsuntsaye a Dausayin Barnes na Landan Lokacin Bazara

Wannan bayani ne a kan wani ɗan dausayi da ke unguwar Barnes a kudu maso yammacin Landan, wanda ake kira London Wetland Centre, da kuma irin tsuntsaye da dabbobin da ake gani a cikinsa daga watan Maris zuwa Mayu. Wannan lokaci shi ne bazarar Turai, wato sa'ad da sanyi ke janyewa, itatuwa su fara toho. Ba irin tamu bazarar ba ce mai zafi, domin da safe sai mutum ya sa rigar sanyi. Abin da ya sa na ga ya kamata 'yan uwa mazauna Ingila su san wurin shi ne, da yawa daga cikin tsuntsayen da ke sauka a can a wannan lokaci daga yankinmu na Sahel suke tasowa.

Tarihin wurin

Wurin yana cikin wata kwana da kogin Thames ya yi, girmansa kuma kadada 42 ne. Asali manyan tafkuna huɗu ne na ajiyar ruwan famfo, waɗanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 19. Da kamfanin Thames Water ya haƙa babban bututun ƙarƙashin ƙasa da ya kewaye Landan, wanda aka kammala a 1994, sai tafkunan suka zama ba su da sauran aiki. Ƙungiyar WWT, wadda Sir Peter Scott ya kafa a Slimbridge a 1946, ita ce ta nemi a mayar da su mazaunin tsuntsaye. Shi Scott ya rasu a 1989, bai ga an gama aikin ba. An ba kamfanin Berkeley Homes wani ɓangare na filin ya gina gidaje, daga nan aka sami mafi yawan kuɗin aikin. An buɗe wurin a watan Mayu na 2000, a 2002 kuma hukuma ta sa wani sashe nasa cikin jerin wuraren da doka ta ba kariya saboda muhimmancinsu ga kimiyya.

Yadda ake sarrafa ruwan

A matsayina na injiniya, abin da ya fi jan hankalina shi ne ba a bar ruwan wurin ya yi yadda ya ga dama ba. An fasa bangon tafkunan, an yi amfani da ɓaraguzan wajen shimfiɗa hanyoyi, an kuma tsara ƙasar ta zama tafki mai zurfi, da kududdufai marasa zurfi, da tsibirai, da makiyaya mai dausayi. Tsakanin wannan sashe da wancan akwai ƙofofin ruwa da ake buɗewa ko rufewa. Da hunturu sai a cika makiyayar da ruwa domin agwagi. Da bazara ta kama sai a riƙa rage shi sannu a hankali, laka ta bayyana, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu su sami tsutsa da ƙwari, masu yin sheƙa a ƙasa kuma su sami busasshen wuri. Duk wanda ya san fadama ya san wannan tsari, domin haka kogi ke yi idan ya cika da damina sa'an nan ya janye da rani. Bambancin kawai shi ne a Barnes mutum ne ke yin aikin da hannunsa.

Abin da za a gani wata-wata

Maris: Baƙin farko su ne wata irin ƙaramar tsattsewa mai ƙasa-ƙasan baya da farin ciki, wadda Turawa ke kira sand martin. Takan iso wajen tsakiyar wata. A daji cikin gaɓar kogi take haƙa rami ta yi sheƙa, shi ya sa aka gina mata wani bango mai ramuka a bakin ruwa. A wannan watan ne kuma wani tsuntsun ruwa mai tukku, great crested grebe, ke rawar neman aure. Namiji da mace sukan fuskanci juna suna girgiza kai, su nutse su fito da ciyawa a baki, su miƙe tsaye a kan ruwa ƙirji da ƙirji.

Afrilu: Wannan ne watan da na fi ba mutane shawarar zuwa. Ƙananan tsuntsayen cikin ciyawar ruwa, wato sedge warbler da reed warbler, sukan iso su cika wurin da kuka. Jin su ya fi ganin su sauƙi. Na farkon nauyinsa bai wuce giram 12 ba, amma ya ƙetare hamadar Sahara da tekun Bahar Rum kafin ya iso. Haka kuma common tern, wani farin tsuntsu mai jan baki da ke faɗawa ruwa ya kamo kifi, yana dawowa daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma. A makiyayar kuwa za a ga lapwing, ɗan uwan zakaran ƙeƙuwa, yana tashi sama yana wuntsilawa yana korar hankaki daga sheƙarsa.

Mayu: Babbar tsattsewa baƙa, wato swift, takan iso a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. A sama take ci, a sama take barci, ba ta sauka sai don yin ƙwai. A wannan lokaci agwagi da dinya suna yawo da 'ya'yansu, kwaɗi suna kuka da ƙarfi a kududdufai, mazari ya fara fitowa. Idan rana ta ɗaga akan ga ƙananan ƙadangaru suna shan hantsi a kan katako, wani lokaci har da macijin ciyawa, wanda ba shi da dafi. Akwai kuma ɓeran ruwa, wanda ya yi ƙaranci sosai a Ingila, aka sake kawo shi wurin a 2001.

Zalɓe yana nan a kowane lokaci. Haka ma tsiriya, ƙaramin akun nan kore mai doguwar wutsiya, wadda ta yaɗu a yammacin Landan.

Alaƙarsu da ƙasarmu

Kamar yadda manomi a gida ke cewa damina ta kusa idan ya ga shamuwa, haka Bature ke cewa bazara ta zo idan ya ga tsattsewa. Waɗannan tsuntsaye suna barin Turai daga Agusta zuwa Oktoba, su yi lokacin hunturu a kudu da Sahara. Zoben da masana ke sa musu a ƙafa ya nuna cewa na Ingila sun fi zuwa kogin Senegal da fadamun kogin Neja a Mali. Amma ire-irensu suna sauka da yawa a tafkin Chadi da fadamun Haɗeja-Nguru, tafiyar da ta haura kilomita 4,000 daga Landan.

Saboda haka abin da ya same mu yana samun su. Bayan farin da aka yi a Sahel a 1968, tsuntsun da ake kira whitethroat ya ragu a Birtaniya da fiye da kashi biyu cikin uku a bazarar 1969. Sand martin ma ta ragu ƙwarai a lokacin, ta sake raguwa bayan farin 1983 da 1984. Tafkin Chadi da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a shekarun 1980, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. A Haɗeja-Nguru kuwa, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya duk sun ji a jikinsu. A 2000, shekarar da aka buɗe dausayin Barnes, aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A ganina, darasin Barnes shi ne yawan ruwa kaɗai bai isa ba, sai an sake shi a kan kari an kuma janye shi a kan kari, kuma wannan abu ne da masu kula da madatsun ruwa ke da iko a kansa.

Yadda ake zuwa da ƙa'idojin wurin

Hanya mafi sauƙi ita ce jirgin ƙasa daga tashar Waterloo zuwa tashar Barnes, sai tafiyar kamar minti 15 a ƙasa. An rufe gadar Hammersmith ga motoci a watan Afrilu na 2019, don haka mai mota ya duba hanya kafin ya fito. Ana biyan kuɗin shiga, amma 'yan ƙungiyar WWT kyauta suke shiga.

A je da safe, domin a lokacin tsuntsaye suka fi kuka da motsi. A sa tufafi marasa haske da takalmin da laka ba za ta ɓata ba, a riƙe madubin hangen nesa. Akwai ɗakunan leƙe masu ƙananan tagogi, mafi girma shi ne Peacock Tower mai hawa uku, wanda daga samansa ake hango kusan duk wurin. A cikinsu ana yin magana ƙasa-ƙasa. Masu kallon da suka daɗe a harkar ba sa rowa, idan ka tambaye su za su nuna maka.

Masu zuwa da yara su ja musu kunne. Dokar kare namun daji ta 1981 ta hana kashe tsuntsun daji, ko ɗaukar ƙwansa, ko ɓata sheƙar da yake amfani da ita, kuma hukuncin na iya kaiwa ga tara ko ɗauri. Danƙo ba shi da wuri a nan. Ina kuma ba iyaye shawara su koya wa yaran sunayen Hausa na abin da suka gani, zalɓe da tsattsewa da dinya da mazari, su nuna musu a taswira inda baƙin suka fito. Yaron da aka haifa a Landan zai so ya ji cewa ɗan tsuntsun da ke gabansa ya sha ruwan Sahel 'yan makonni da suka wuce.

Wassalam.